Ranar da Na Sauke Fuskar 'Yata

Hannunta yana kan ƙararrawar, amma ta kasa dannawa.

Daga kujerun baya, inda suka jibge iyaye irina, ina hango 'yata a teburin gasa. Mai tambaya ya sake maimaitawa a lasifika, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Tambaya ce da na sha jin tana amsawa tana wanke-wanke. Wallahi ni kaina da ban gama firamare ba, na haddace amsar saboda yawan ji. Na buɗe baki zan faɗa, mutumin da ke kusa da ni ya dafa mini gwiwa.

"Malam, rufa mana asiri, kada ka sa a kore mu."

Sai ƙararrawar ɗaya teburin ta yi ƙara. Zaure ya kaure da tafi. 'Yata kuwa tana nan zaune, ido a buɗe, leɓɓa suna motsi ba sauti. Can na ga haɓo ya ɓalle mata, yana ɗiga a kan farar rigar makaranta. Malamin gasa yana tsaye kusa da ita, amma ko kallonta bai yi ba. Fuskar mai makaranta yake kallo, ya ga irin ɓacin ran da ke jiransa.

Ni na tsallake kujeru na ɗauko ta. Shekararta goma sha huɗu, amma da na saɓa ta a kafaɗa, tsanina ya fi ta nauyi.

* * *

Sana'ata rataye allunan talla. Wani shago ne ke buga su, ni kuma in ɗauki tsani da filaya da waya in je in ɗaure duk inda aka ce. Shi ya sa kowa ke ce mini Mai Tsani. 'Yar kuwa sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta.

Tana makarantar unguwarmu, inda ake zama a ƙasa, wasu mutane suka zo daga babbar makarantar kuɗi ta bakin titi. Suka ce hazikai suke nema. Suka yi wa yara gwaji, Uwata ta zo ta ɗaya. Suka ce sun ɗauke ta kyauta: riga, littattafai, har motar da za ta riƙa zuwa ɗaukarta. Ranar maiɗakina ta yi ta kuka don murna, ni kuwa na zagaya unguwa ina gaisawa da mutanen da ma ba ma shiri.

Ajin hazikai wani ɗaki ne a saman bene, mai na'urar sanyi da labule masu kauri. Ba a haɗa su da sauran ɗalibai. Ba sa fita tara, ba sa wasa. Tebur ne da ƙararrawa a gaban kowane yaro, malam yana jefo tambaya, wanda ya riga dannawa ya amsa. Daga safe har la'asar ke nan. A nan suka laƙaba mata Kwamfuta.

Kofuna kam ta ciwo musu, har kabad ɗin ofis ya cika. Da za a buga hotonta a babban allo a bakin get, shagonmu aka ba aikin. Ni na hau na ɗaure shi, na ja waya har sai da tafin hannuna ya tsage, na ce ba zan karɓi ko sisi ba. Duk mai motar da ya wuce sai ya rage gudu ya kalli murmushinta. Kafin shekara ta zagayo, masu hali sun cika makarantar da 'ya'yansu, an ɗora sabon bene a kan tsohon.

A gida kuma sai ta zo da wata ɗabi'a. In ka tambaye ta abu, sai ta buga duk abin da ke gabanta tukuna.

"Uwata, kin ci abinci?"

Sai ta buga tire, tas! "Na ci."

Muka yi ta dariya, har maƙwabta na shigowa su gwada ta. Maiɗakina ce ta fara daina dariyar.

"Baban Uwata, yarinyar nan ƙarewa take yi fa. Dubi wuyanta. In na zo yi mata kitso, gashi cike da hannuna. Kuma wane irin baƙin shayi ne malaminsu ke ba su wai don kada su yi gyangyaɗi?"

"Haba ke kuwa! Mutanen da suka ɗauke mana nauyinta ne za su cuce ta?"

"To, Allah ya sa."

* * *

Likita ya duba ta, ya yi ta tambayoyi, ya cire tabarau ya dube ni kamar ni na yi laifin. Ya ce an gajiyar da ita fiye da kima, kuma duk abin da ake ɗura mata a daina yau ɗin nan. Ya ce ta huta, kada wanda ya yi mata ko tambayar wasa.

Da ta ɗan murmure, na sa ta saka rigarta na riƙo hannunta muka tafi makarantar a ƙafa, tunda mota ta daina zuwa. A ƙarƙashin hotonta mai gadi ya tare mu. Mutumin da kullum ke yi mata kirari, yau ƙasa yake kallo.

"Yallaɓai ya ce kai kaɗai za ka shiga."

Mai makaranta ya karɓe ni da fara'a, har da sa a kawo mini ruwan sanyi. Kofunan Uwata suna jere a bayansa suna ƙyalli.

"Mai Tsani, ya jikin yarinya? Wallahi abin ya taɓa mu."

"Da sauƙi, yallaɓai. Ga ta can a waje, ta dawo karatu."

Ya gyara zama. "To, ka san shirin hazikai tsari gare shi. Kujerun kaɗan ne, kuma na masu fita gasa ne. Malaminta ya gwada ta a asibiti, ya ce saurin nan babu shi yanzu."

"A gadon asibiti ya gwada ta?"

"Kai dai ka gane."

"Na gane. To a sa ta cikin sauran yara, yallaɓai. Ba sai ta yi gasa ba. Shekara ɗaya ta rage ta zana jarrabawar fita. Shekara ɗaya tak!"

"Wancan ɓangaren na masu biya ne. Ko ma na yafe maka, ba za ta iya bin su ba. Ba ta yi darussan da suka yi ba."

"Wa ya hana ta yi?"

Sai ya duba wayarsa. Na zame daga kujera na durƙusa a kan tayil, na kama ƙafar teburinsa.

"Don girman Allah, yallaɓai. Zan yi muku shara, zan yi gadi, duk allon da za ku rataye har in mutu kyauta ne. Kada ku mayar mini da ita haka. Ba haka na ba ku ita ba."

"Subhanallahi! Tashi, tashi, kada wani ya shigo ya ga kamar wani abu na yi maka." Ya danna ƙararrawar teburinsa, masinja ya leƙo. "Raka shi."

Da na fito, Uwata ta dubi fuskata sau ɗaya. Muka juyo gida a ƙafa.

* * *

Na mayar da ita makarantar unguwa. Hedimasta, dattijon kirki, ya ba ta takarda ya ce ta rubuta masa labarin gidansu. Ta riƙe biro har aka tashi tara, ba ta cika layi biyu ba. Ya tambaye ta kogin da ya fi kowanne tsawo a duniya, ta buga masa tebur ta faɗa kafin ya rufe baki. Ya girgiza kai.

"Mai Tsani, 'yarka ta san amsa dubu, amma ba a koya mata karatu ba. Sai dai ta koma baya aji biyu."

Ta je kwana kaɗan. Yara suka riƙa bin ta suna waƙa, wai Kwamfuta ta lalace a kai ta wurin mai gyara. Daga nan ta shige ɗaki ta zauna a kan tabarma, ta juya wa ƙofa baya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gabanta, ni da girmana. Ko motsi.

Ana cikin haka maigidana na shago ya kira ni, ya nuna mini wani allo a naɗe.

"Makarantar bakin titi. A sauke tsoho a ɗora wannan."

"Maigida, ka tura wani."

"Wa zan tura? Kai ka ɗaure na farko, kai ka san yadda ka yi da wayarka. In kuma ka ƙoshi da aikin ne ka faɗa mini, masu tsani sun fi goma a bakin layi."

Maganin Uwata ya ƙare tun shekaranjiya. Na saɓi tsani.

Ban taɓa sanin na iya ɗauri haka ba sai da na zo kwancewa. Wayar ta yi tsatsa ta kama ƙarfe, sai da na riƙa datse ta ɗaya bayan ɗaya, fuskata dab da tata. Rana ta cinye launin rigar, amma murmushin yana nan. Da na datse ta ƙarshe, allon ya sulale ya faɗi a kan ƙasa, ya naɗe a kan idonta.

Na ware sabon. Wata 'yar ƙarama ce, siririya, rigar ta yi mata yawa, ta rungume kofi da hannu biyu. Sai na ji an riƙe mini tsani daga ƙasa. Na leƙa: wani mutum ne da baƙin mai a hannuwansa, da ka gan shi ka ga mai faci. Bakinsa har kunne.

"Ja shi da kyau, malam, kada iska ta taɓa shi! Tawa ce. 'Yata ce!"

Na ɗaure na sauko. Ya kama hannuna da nasa biyu yana ta godiya, yana ba ni labarin mota da littattafai. Mai gadi yana tsaye yana jin mu.

"Ɗan'uwa," na ce da shi ƙasa-ƙasa, "ka sa ido a kanta. In ka ga ta fara buga abu kafin ta amsa maka magana..."

Ya fashe da dariya har da dukan cinya.

"Kai, ashe ka sani! Ai ta fara. Jiya kwano ta buga wa uwarta. Mun sha dariya, wallahi!"

Na buɗe baki, mai gadi ya ce in kwashe tarkacena yallaɓai na hanya. Na naɗe tsohon allon na ɗaura a jikin tsani.

* * *

A tsakar gida maiɗakina ta ga abin da na shigo da shi. Ta karɓa ta tura shi ƙarƙashin gado, can ciki.

Uwata tana inda na bar ta. Abincin rana yana gabanta a rufe, ƙuda na yawo a kan murfin. Na zauna a gefen tabarmar, na ajiye filaya.

"Uwata," na ce, "gaya mini abin da kike so in yi miki. Ko mene ne."

Ta ɗago kai. Hannunta na dama ya tashi a hankali, ya tsaya a saman tabarma. Na zauna ina jira ya sauka.