Rumfata ta Bakin Gada

Shekara biyu cur ban taka bakin gadar Wudil ba, ni Safara'u da na yi shekara ashirin ina suyar kifi a wurin. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ni, wasu suka ce sammu. Ƙarya suke, wallahi. Haihuwar Auta ce. Na durƙusa ni kaɗai a ɗaki yadda aka koya mana, na cije zani don kar a ce 'yar garin Darki ta yi raki, yaro ya zo da ƙaton kai ya yaga ni. Tun daga ranar bayan gida ya daina neman izinina. In na yi tari ko na ɗaga kasko, shi ke nan.

Wa zai sayi tarwaɗa a hannun mace irin wannan? Na ara wa Ikilima, maƙwabciyata a kasuwa, rumfata, na shige gida. Zani uku a ƙugu, tsumma a ciki, turare kamar ɗakin amarya.

Maigida ne, Malam Ya'u, ya matsa har muka je asibiti. Wata siririyar nas 'yar garin Indabo, Sista Mairo, ta duba ni ta ce naman da ke tsuke dubura ne ya saki, amma bai tsinke duka ba.

Ta ce, "Iya, ba allura zan miki ba. Ki tsuke kamar tusa ta matso ki a gaban surukai, ki ƙirga biyar, ki saki. Ban da matse ciki, ban da riƙe numfashi. Sau goma a zama ɗaya, kullum."

Na ce, "Ke yarinya, na baro gida takanas don ki koya mini riƙe tusa?"

"Shi fa, Iya. Ki ba shi wata uku."

Na fito ina masifa, amma na yi. Sai na haɗa shi da salla: in na gama tasbihi ba na ajiye carbi, ƙwaya ɗaya tsukewa ɗaya. Matan unguwa suka ce Safara'u ta zama waliyyiya. Watan farko a banza ya tafi. Rannan na ɓata zani a kan darduma, na yi kuka har muryata ta dishe, da la'asar kuma na koma na ci gaba. A wata na uku na fara isa bandaki kafin abin ya riga ni.

Ana haka soja suka koma bariki, farar hula suka hau. Sabon ciyaman ya sa aka yi shela za a sake rabon rumfunan bakin gada. Duk mai rumfa ta zo da ƙafarta ta tsaya a layi, wadda ba ta zo ba a ba wadda ke cikin rumfar.

Malam ya ce, "Ki haƙura da rumfar nan, Safara'u."

Na ce, "Malam, in haƙura da me? Ni na kafa ta!"

Ranar rabon, zani ɗaya na ɗaura, fari ma kuwa.

Tun hantsi muke tsaye, rana na dukanmu, har aka kusa azahar. Sai na ji cikina ya murɗa. Gumi ya karyo mini. Daidai nan Ikilima, tana can jingine da bango, ta ɗaga murya.

"Ku matsa mata, jama'a. Kun san larurarta, kar ta ɓata mana layi!"

Ashe an sani. Na tsuke, na ƙirga biyar, na ja numfashi, na sake tsukewa. Murɗar ta zo, ta tsaya, ta koma. Sannan na juyo.

"Ƙwarai kuwa, kashi nake zubarwa, Ikilima. Haihuwa ce ta ja mini, ba sata na yi ba. Ga zanina, kowa ya duba!"

Na juya musu baya a hankali. Isyaku magatakarda ya sunkuyar da kai ya rubuta sunana a rumfata. Na nufi bandaki da tafiya, ban yi gudu ba.

Da na fito sai na bi ta wurin Ikilima, da niyyar in gaya mata maganar da za ta hana ta cin tuwo. Ƙamshin turare ya dake ni tun daga nesa. Na dubi ƙugunta: zani uku, a wannan zafin. Tun safe bayanta bai rabu da bango ba, ga shi haihuwarta tara.

Ta ga na gane.

Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Ranar Talata ki shirya da wuri, ni zan raka ki wurin Sista Mairo. Ki taho da carbinki."