Inda Zakaran Ya Yi Cara

Tafkin Morka ba ya mayar da wanda ya ci. A wasu tafkunan in mutum ya nutse, bayan kwana tara sai ya taso da kansa, a ɗauke shi a binne. Namu kuwa sanyin ƙasansa ya yi yawa, gawa ba ta kumbura balle ta taso. Dogo ne siriri, duwatsu sun matse shi hagu da dama, kuma yadda suka miƙe sama a tsaye haka suka ci gaba da gangarawa a ƙarƙashin ruwa. Wata shekara masu ilimi suka zo daga Bergen da wata doguwar waya, suka yi kwana huɗu suna aune-aune, suka ce gindinsa ya zarce fuskar teku ƙasa. Surukata Ragnfrid ta ce da sun tambaye ta da ta hutar da su.

Gidanmu shi kaɗai ne a gefen inuwa. Daga Oktoba har Fabrairu rana ba ta leƙo mu, muna dai hango ta tana shafa rufin coci a ƙetare. Babu hanya sai jirgi. Gonar ba ta taka kara ta karya ba, akuya bakwai ne da ɗan filin dankali. Abin da ya riƙe gidan tun kakanni yana cikin ruwa: wani tudun tsakuwa, jifa biyu daga matsayar jirginmu, wanda muke kira Tsakuwa kawai. Kowane gida a tafkin da nasa tudun, kuma ba mai sa taru a na wani. Kifin da muke kira jan-ciki yana can ƙasa duk shekara, inda taru ba ya kaiwa, sai a Oktoba ya hau tsakuwa ya yi ƙwai. Mako uku ne kacal. Abin da ka kama a makon ukun nan ka sa gishiri ka danna a ganga, shi za ka ci har ƙanƙara ta narke.

Mijina Eilif ya fita ranar wata Talata da hantsi, ya ce zai duba ko kifi ya fara hawa. Ina ɗebe tufafi daga igiya lokacin da iskar nan ta faɗo daga kan dutse, irin wadda ba ta sallama. Ba ta yi minti goma ba ta wuce. Da la'asar mutanen ƙetare suka tsinci jirginsa a kife, can tsakiya, daidai wurin da muke kira Hancin Akuya, inda tafkin ya fi zurfi. Jirgi dai iska na kai shi inda ta ga dama. Ni na san Tsakuwa ya ce zai je.

Ina son Eilif, kada wani ya ce ba na sonsa. Amma daren farko ban gama kukansa ba na fara lissafin ganguna, kuma na ji kunyar kaina. Muna da al'ada biyu da ba a takawa. Gidan da ruwa ya ci musu mutum ba sa cin kifin tafkin sai mamacin ya samu kabari. Kuma inda aka tabbatar ya kwanta, ko an ciro shi, ba a sa taru a wurin sai bayan shekara uku. A shekarar ruwan sama ya ruɓar da dankali a ƙasa, ina da 'ya'ya uku da tsohuwa. In aka ce Eilif yana gindin Tsakuwa, to mun tashi daga gidan nan ke nan, a raba yaran gida-gida a ƙetare. In kuwa yana can tsakiya inda igiya ba ta kaiwa, fasto zai zo a jirgi ya yi addu'a a kan ruwan, a ɗauki wurin a matsayin kabarinsa, washegari mu sa taru.

Zakara ke raba wannan gardama. A sa shi a kwando a gaban jirgi, a yi ta tuƙi a hankali, inda ya yi cara nan mamacin yake. Fasto ba ya son abin, amma kullum ranar nema sai wani aiki ya taso masa a ƙauyen gaba. Zakaran gidanmu na Ragnfrid ne, wani ja mai tsagaggen zanko, mai faɗa da kowa har da ni. Ita ta ƙyanƙyashe shi a cikin tsohuwar hula kusa da murhu bayan uwar ta gudu ta bar ƙwan.

Ranar Laraba da yamma na kai shi ramin da muke ajiye dankali, na rufe ƙofa. Na ce wa Ragnfrid don kada sanyi ya kama shi. Ta dube ni, ta ci gaba da saƙarta. Da safe na sa shi a kwando tun a cikin ramin, na lulluɓe kwandon da babbar rigar ulun Eilif, ninki biyu. Duk matar da ta taɓa kiwon kaji ta san abin da zakara ke yi in ya daɗe a duhu aka buɗe masa haske farat ɗaya.

Sjur ne ya zo ya tuƙa ni, maƙwabcinmu mafi kusa, in za a kira mai nisan rabin awa a ruwa maƙwabci. Tsoho ne mai baki, ko a jana'iza sai ya sa wani dariya. Ya dubi kwandon ya ce, “Oddny, wannan zakara ne ko amarya kika ɗauko? Ni matata ko ranar aurenmu ba a lulluɓe ta haka ba.” Na ce iska ce nake jiye masa. Ragnfrid ba ta shiga jirgin ba. Ta zauna a kan dutsen da ke bakin matsaya, da mayafinta baƙi, hannuwa a cinya.

Muka wuce ta kan Tsakuwa. Ruwan a kwance yake, ina ganin duwatsun ƙasa farare, da inuwar kifin farko suna gilmawa biyu-biyu. Sai tsakuwar ta yanke, ruwan ya koma baƙi ƙirin. A nan tudun yake faɗawa, akwai wani ɗan dakalin dutse a zurfin gaba ashirin, daga shi sai zurfin da ba a sani ba. Na ɗora tafin hannuna a kan rigar na danne. Ina jin zakaran yana motsi a ƙarƙashi, bai dai yi sauti ba.

Jirage biyar ke jiranmu a Hancin Akuya, da igiyoyi da ƙugiyoyin ƙarfe. Maza suka cire huluna. Muka fara zagaye a hankali, ba mai magana, sai ɗigar ruwa daga filafili da ƙarar ruwan da ke zubowa daga kan dutse can nesa. Tsuntsun nitso guda ɗaya da bai bi 'yan'uwansa zuwa teku ba ya taso kusa da mu, ya yi kukan nan nasa mai kama da na mace, ya sake nutsewa. Na jira har muka kai inda ko Sjur ba ya son duba ƙasa. Sai na sa ƙafa na ja gefen rigar, kamar zamewa ta yi.

Ya yi cara, sau ɗaya, da ƙarfi, duwatsu suka maimaita. Mazan suka ƙulla igiyoyinsu wuri ɗaya, gaba tamanin, suka zura. Ƙugiya ba ta taɓa komai ba. Suka sake, suka kuma sakewa don a ce an yi. A karo na uku ta fito da wani ɗan kifi fari sol maƙale a jiki, irin na can ƙasa, cikinsa ya kumbura idanunsa sun firfito. Wani ya cire shi ya jefar. Aka daidaita wurin da wani tsagi a jikin dutse da kuma hasumiyar coci, aka ce fasto zai zo Asabar. Kowa ya yi mini ta'aziyya ya juya ƙetare.

Da muka kama hanyar gida ban sake rufe kwandon ba, me zan rufe? Zakaran ya lafe ya cusa kai a fiffike, awa guda bai motsa ba. Inuwar dutsenmu ta riga ta rufe ruwan, sanyi ya fara cizo. Ina hango hayaƙin gidanmu, ina ta faɗa wa kaina an gama.

Daidai inda baƙin ruwa ya haɗu da tsakuwa, zakaran ya miƙe tsaye. Ba abin da ya taɓa shi. Ya zura wuya ta bakin kwandon, ya karkata kai yana duban ruwa da ido ɗaya, yadda kaji ke duban abu a ƙasa. Sai ya yi cara sau uku. Ba irin ta ɗazu ba ce, wannan a shaƙe take, a hankali, kamar ba ya so. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na leƙa. Ba abin da na gani sai fuskata.

Sjur ya ɗaga filafili daga ruwa, jirgin ya ci gaba da tafiya da kansa. Ya dubi rigar Eilif a ƙafata, ya dube ni. “Kunnena na hagu ya mutu tun bara,” in ji shi. “Na daman ma yau bai tashi da lafiya ba.” Ya mayar da filafili ya ci gaba da tuƙi. Da muka iso Ragnfrid ba ta kan dutsen, tana ciki tana hura wuta.

Fasto ya zo Asabar, ya yi addu'a a Hancin Akuya, ya watsa ƙasa sau uku a ruwa. Litinin na sa taru a Tsakuwa. Tarunmu gaba shida yake nutsewa, dakalin dutsen yana gaba ashirin, wannan lissafin na yi ta yi duk safiya ina jan igiya. Duk lokacin da tarun ya yi nauyi sai in ce Eilif ne. Kifi ne kullum, kuma ban taɓa ganin kifi irin na shekarar ba, manya, cikinsu ja wur, maiƙo na ɗiga. Na cika ganga shida. Zakaran kuwa na yanka shi kafin Kirsimeti, na ce ya tsufa.

A gidanmu babba ke fara sa hannu a abinci, yara ba sa taɓawa sai ta kai loma. Duk lokacin sanyin nan Ragnfrid ta zauna a kan teburi, ta yi addu'a, ta ɓare kifi ta ci, yara suka bi. Ni na ce cikina ba ya karɓar gishiri, na rayu a kan gurasa da ruwan cuku har haƙorana suka fara girgiɗi. Ba wanda aka raba. Yaran suka girma a gidan ubansu.

Kowace shekara ranar da ya tafi, nakan tuƙa Ragnfrid zuwa Hancin Akuya ta jefa reshen ganye a ruwa. Awa guda zuwa, awa guda dawowa, ni ina kallon bayanta ina cin raina. Sau goma sha tara muka yi haka. Sjur ya mutu da bakinsa a rufe. Sau da yawa na buɗe nawa, sai in ga yadda take riƙe reshen da hannu biyu, in fasa.

A shekara ta ashirin ta rame ƙwarai, sai da na ɗauke ta cak na sa a jirgi. Rana ce mai kyau, ƙetare duk haske. Ban yi tuƙi goma ba, muna kan inda tsakuwa ke yankewa, ta ce in tsaya. Na ce ai da saura. Ta ce ta sani, ƙashinta ba zai kai can ba bana, kuma ta gaji da kai wa ruwan banza ganye. Ta miƙa hannu ta ajiye reshen a kan ruwa a hankali.

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ruwa yana kawo sauti, 'yar nan. Ina kan dutsen can. Ni na ƙyanƙyashe zakaran, na san carar da yake yi in an buɗe masa duhu, na kuma san wadda yake yi don kansa.”

“Inna, me ya hana ki magana?”

“Na leƙa ramin dankali ni ma. Kina tsammani ke kaɗai kika iya ƙirga?”

Na ce ta yafe mini. Ta ce babu abin yafewa, sai dai abu ɗaya da ta daɗe tana jin haushina a kai. Na tambaye ta mene ne.

“Kin bar ni na ci ni kaɗai. In ban kai loma ba yaran ba za su ci ba, kin sani. Kullum sai na kai, kina zaune kina kallona da gurasarki.”

Reshen ya tsaya cak a inda ta ajiye shi, bai yi gaba ba bai yi baya ba. Muka zauna muna kallonsa har sanyi ya fara shiga mata, ta ce in mayar da ita gida. Da yamma na soya jan-ciki biyu daga kamun safiyar, na sa ɗaya a gabanta ɗaya a gabana. Ta yi addu'a, ta naɗe hannuwa a cinya, ta zuba mini ido tana jira.