Wutar Ɗakin Inna

Kafinta ya sayar da firizar matarsa don kuɗin wuta ya ragu, kuɗin wuta kuwa bai ragu ba. Ƙaruwa ma ya yi. Takardar da aka soka masa a ƙofa da safen nan ta ce dubu arba'in da uku. Ta watan jiya, lokacin firizar na nan tana gurnani a falo, dubu arba'in da ɗaya ce.

Ya karanta sau biyu a tsaye, ya ninke ta ya cusa a aljihu kafin matar ta fito. Ta fito da tsintsiya, ta kalli aljihun, ta kalli fuskarsa. Ta wuce ta share gurbin da firizar ta bari a kan siminti, wuri mai kusurwa huɗu da ya fi sauran ƙasan haske. Wata guda kenan kullum sai ta share shi.

Ba abin da Kafinta bai yi ba a kan wutar nan. Ya cire ƙwayayen fitilun gidan kaf ya sa farare masu cin wuta kaɗan. Ya kulle dutsen guga a akwatin kayan aikinsa, tare da zarto da guduma, ya ce a koma na gawayi. Fanka ba ta juyawa sai mai gida yana nan. Talabijin, labarai kawai. Wanda ya bar fitilar banɗaki a kunne, ranar zai ji tarihin kakanninsa. Yaransa har suna suka sa masa a ɓoye, Kashe-Wuta, kuma ya sani. Duk da haka takarda ta zo ta fi ta baya.

Daga nan ya sa wa firiza ido. Ita ce babba a gidan, ita ce ba ta barci, to ita ce ɓarauniya. Lissafinsa kenan, kuma Kafinta in ya gama lissafi ba ya sake aunawa.

Firizar ba tasa ba ce. Da surukinsa ya rasu, 'yan'uwan matar maza suka riƙe gona suka danƙa mata 'yan kuɗi, ita kuwa ta sayi firiza ta hannu da su. Ƙanƙara take yi, da ruwan sanyi a leda. Direbobin tasha da leburorin gini duk sun san ƙofarta, har sunanta ya ɓata a unguwa, sai dai Mai Ƙanƙara. Da wannan take sayen sabulu da littattafan yara, da wannan ake ɗora tukunya a makon da ba wanda ya kawo ko kujera gyara. Ta ce masa za ta riƙa biyan rabin kuɗin wutar, ya ce bai auro mace don ta biya masa wuta ba. Ta ce firizar shekararta biyar a gidan, takardar kuwa shekara biyu kenan da haukacewa. Ya ce inji in ya tsufa ci yake ƙarawa, ita me ta sani a kan inji.

Ana cikin wannan yayansa ya shigo. Gidan na ubansu ne, da ya rasu aka ja katanga a tsakiya, Yaya ya ɗauki gabas, Kafinta ya ɗauki yamma, kowa da mitansa. Yaya ya zauna ya saurari kowa, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiyar Auta ce. Har yau Auta yake kiransa, da furfurarsa da komai. Sannan ya ce in dai sayarwa za a yi, kada abu ya fita daga gida, shi zai saya wa iyalinsa. Ya saya kuwa, da arha, da sunan zumunci. Kuɗin ko kwana ba su yi ba, Kafinta ya kai su kamfanin wuta, don an riga an yi masa barazanar yankewa.

Yau bai buɗe shago ba. Ya hau bas ya tafi ofishin kamfanin, ya bi layi tun rana tana da sauƙi har ta fara cizo. Da ya isa gaban gilashi, ya tura takardu biyun ta ƙasa, ya yi wa matar da ke ciki bayani tiryan-tiryan: ƙwayaye, fanka, dutsen guga, firiza. Ta danna na'ura ba tare da ta ɗago ba, ta ce abin da mita ya ci aka rubuta. Ya ce mitan ne maƙaryaci. Ta ce in yana so a duba mita ya cike takarda ya biya kuɗin dubawa, a zo cikin mako shida. Ya fara ɗaga murya, na bayansa suka fara tsaki, wani ya ce kowa nan da tasa takardar ya zo.

A bakin ƙofa wani dattijon ma'aikaci, mai sukudireba a aljihun gaba, ya riƙo hannun rigarsa. Ya ji komai. Ya tambaye shi ko ya taɓa kashe komai na gidan ya je ya tsaya gaban mitan.

Kafinta ya ce kullum cikin kashewa yake.

"Ba haka ba, Malam. Komai. Ka zare kowace waya daga bango, ka je ka kalli jan ɗigon nan mai ƙiftawa a jikin mitan. In ya tsaya, cinka ne, ka biya ka yi shiru. In yana ƙiftawa, to kana ciyar da wani. Shekara biyu kana faɗa da takarda, ba ka taɓa kallon mitan ba?"

Bai taɓa ba. Ya hau bas ya koma, maganar tana yi masa ƙaiƙayi har gida.

Rana tsaka ya shiga, yara suna makaranta. Ya bi ɗaki ɗaki yana zare wayoyi, har cajar waya, har rediyon da ba a kunna ba. Matar tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, tana bin sa da ido. Ya fita zaure ya tsaya gaban mita, ya goge ƙurar gilashin da gefen hannu.

Jan ɗigon yana ƙiftawa. Ba a hankali ba ma. Kamar idon mai jin daɗi.

Ya tsaya ya ƙirga har hamsin, ko zai gaji. Bai gaji ba. Gidan shiru, ba fanka, ba komai, kuma a cikin shirun nan ne ya ji wani gurnani da ya sani, yana zuwa ta cikin katanga.

Ya kira mai gyaran wutar unguwa, wanda kowa ke ce wa Injiniya ko da yake a bakin titi ya koyi aikin. Injiniya ya zo da tsani da tocila, ya ɓalle allon silin ɗaya a falo, ya ce wa ya yi silin ɗin nan da ƙusa kamar ana gaba da shi. Kafinta ya ce shi ne. Injiniya ya shige sama, aka riƙa jin sa yana rarrafe yana tari. Can ya leƙo da yanar gizo a gemu.

"Maigida, akwai wata tsohuwar waya baƙa nan. Daga layinka ta tashi, ta haye katanga, ta sauka ɗakin baya na gidan Yaya. Wa ya ja ta?"

Kafinta ya buɗe baki zai ce ɓarawo, sai bakin ya tsaya a buɗe.

Ya tuna. Ranar da aka ja katanga, ɗakin mahaifiyarsu ya faɗa ɓangaren Yaya. Mai haɗa waya ya ce a yanke layin ɗakin a mayar kan sabon mitan Yaya. Kafinta ne ya hana. Lokacin yana da ƙarfi, ya samu kwangilar kujerun makaranta, kuma yana jin haushin yadda dangi ke cewa Yaya ne mai riƙe da tsohuwa. Ya miƙe gaban kawunnai ya ce Yaya ya ɗauki ɗaki, amma wutar ɗakin Inna tasa ce, shi zai biya. Aka yi ta sa masa albarka. Ƙwai ɗaya ne da rediyo, me za su ci? Da hannunsa ya buga silin ya rufe wayar. Inna ta rasu shekara uku da suka wuce, aka raba kayanta, aka yi kuka, wayar tana nan a sama ba wanda ya yi zancenta.

Ya zaga ta waje ya yi sallama a gidan Yaya. Matar Yaya ta amsa daga ɗakin baya, tana miƙa wa wani direba ƙanƙara, direban da ya shekara biyar yana saye a ƙofar Kafinta. Mutumin ya gaishe shi yana kallon ƙasa.

Kafinta ya tsaya a bakin ɗakin Inna. Rabonsa da leƙa shi tun ranar sadakar bakwai ɗin Inna. Inda gadonta yake, yanzu murhun lantarki ne mai kai biyu, tukunyar wake tana tafasa a kai. Ga dutsen guga a kan tebur, ga babbar butar dafa ruwa, ga wayar injin jan ruwa ta shigo ta taga. Duk an tara su a kan soket ɗaya, wanda Inna take sa rediyonta. A kusurwa kuma ga firiza, da tabon da ƙaramar 'yar Kafinta ta yi mata da ƙusa.

Yaya ya fito yana gyara hula, ya ce Auta ne da rana haka, lafiya. Kafinta ya nuna soket ɗin, ya tambaye shi ko ya san inda wutar nan take fitowa. Ya so Yaya ya yi mamaki. Ko na ƙarya ne, da ya karɓa.

Yaya bai yi ba. Ya ce, "Kai ka ce wutar ɗakin Inna taka ce. Gaban kawu ka faɗa, kowa ya ji. Ni ban ji ranar da ka janye ba."

"Inna ta rasu, Yaya."

"Ɗakin bai rasu ba."

Kafinta ya ce wato Yaya ya zauna masa a falo yana gyaɗa kai ana zargin firiza, alhali ya san komai. Yaya ya ce shi ba a tambaye shi zancen waya ba, zancen firiza aka kawo, kuma taimako ya yi, da wani ne a kasuwa ko rabin abin da ya bayar ba zai bayar ba. Kafinta ya ce a mayar masa da firizar, zai nemo kuɗin ko da zai sayar da injin yankan katakonsa. Yaya ya ce ciniki ya faɗa, an sa mata sabon gas, iyalinsa ta saba da sana'ar, mutane sun saba da ƙofar. In Auta yana son rigima, su je gaban kawu ya maimaita abin da ya faɗa da bakinsa. Kawun nan kuwa yanzu ko sunan 'ya'yansa ba ya riƙewa, kuma Yaya ne ke saya masa magani.

Kafinta ya dubi matar Yaya, ta juya tana motsa wake.

Ya koma gida, ya karɓi filaya daga hannun Injiniya, ya kashe babban makunni, ya hau tsanin da kansa. Wayar ta yi tauri, sai da ya sa hannu biyu. Da ya sauko ya mayar da makunni, ya je ya tsaya gaban mita. Jan ɗigon ya mutu. Gurnanin katanga ma ya ɗauke. Injiniya ya naɗe bakin wayar, ya karɓi kuɗinsa, ya ce wata mai zuwa takardar ba za ta wuce dubu tara ba, har da fanka, har da guga. Ya ƙara da cewa ko firiza ce ba za ta kai shi dubu sha biyar ba. Ya faɗi haka ne da kyakkyawar niyya, yana saɓa tsani.

Matar ta ji. Tana nan a tabarma, shinkafar ta daɗe da tsintuwa.

Kafinta ya zauna a bakin kujera, ƙura a kansa, ya fara yi mata bayani. Ya faɗi zancen katanga, da kawunnai, da rediyon Inna. Ya zagi Yaya, ya zagi kamfani, ya zagi mai haɗa wayar da bai tuna masa ba. Ta bar shi har ya ƙare.

"Wato Malam," ta ce, "da gadon ubana aka biya wutar da Yaya ya sha. Yaya kuma ya ɗauki firizar."

Ya ce zai saya mata wata. Ta tambaye shi da me. Ya buɗe akwatin kayan aiki ya ciro dutsen guga ya ajiye mata a kan tebur, ya miƙe ya kunna fanka, ya ƙure ta. Ba ta kalli ko ɗaya ba.

Ba a yi minti goma ba suka ji ana jan abu mai nauyi a ƙasa a can ɓangaren, Yaya yana cewa a kawo doguwar waya. Sai gurnanin ya dawo, daga wani ɗakin, a kan mitan Yaya. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofarsu ya ce a ba shi ƙanƙara ta ɗari. Matar ta ɗaga murya daga inda take ta ce ƙofa ta gaba.

Maƙogwaron Kafinta ya bushe da ƙurar silin. Ya ce ta ba shi ruwa. Ta tashi ta ɗebo a bokiti ta miƙa masa, ya kurɓa, ɗumi kamar an dafa. Ya tambaya ko babu mai sanyi.

"Akwai," ta ce, tana ɗaukar tsintsiya. "Hamsin ne, a gidan Yaya."