Kwana Tara Suka Rage a Buɗe Ƙorama

Dogo masunci ne, kuma shi ya yi ta bin sauran masuntan tafkin gida-gida har suka yarda a bar bakin ƙorama wata uku ba a jefa taru, domin a nan kifi ke zuba ƙwai. Ba da son ransu suka yarda ba. Wani ma cewa ya yi, "Ranar da yarana suka fara kukan yunwa, ƙofarka zan jibge su." Dogo ya yi dariya ya ce a kawo, tabarma ba ta ƙare ba.

Suka daure. Aka daina kamu da gidan sauro, aka koma taru mai manyan idanu. Kullum da safe Dogo sai ya tuƙa kwalekwalensa ya leƙa wurin, ya ga 'ya'yan karfasa sun yi dafifi a gindin ciyawa, ya dawo ya cika matarsa da labari. Har ta gaji ta ce, "Ko jikokinka ba ka yi musu wannan ɗoki ba."

Saura kwana tara a buɗe wurin, tsutsa ta faɗa wa shinkafar ƙanensa, wanda gonarsa ke saman ƙoramar. Dogo ya ajiye taru ya je taya shi. Suka jiƙa ganyen darbejiya suka yi ta yayyafawa, suka barbaɗa toka. Tsutsar ta ragu a gefe guda, ta ƙaru a ɗaya gefen. Rana ta uku da ya iso, sai ya tarar da ƙanen goye da tankin feshi.

"Ka ba ni kwana biyu kacal," in ji Dogo. "Dubi hadarin can. In aka yi ruwa, duk abin da ka fesa ƙorama zai gangara."

"Yaya, kai ma dubi ganyen nan." Ya tsinko ɗaya ya miƙa masa, duk ya zama raga. "Nan da kwana biyu me zan girba? Mu bakwai ne a gidana."

Dogo ya juya ganyen a hannunsa. Ya san yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar ma ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba. Yana tsaye a kan kunya aka fara feshin, warin maganin na shigar masa hanci.

Da la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Washegari tun kafin ya kwance kwalekwale ya hango bakin ƙoramar ya yi fari fat. Kifaye manya da ƙanana, duk sun juyo ciki sama. Wata tarwaɗa na ta juyi a wuri ɗaya, ya sa hannu ya ɗago ta, ƙwai na zuba daga cikinta.

Masunta suka taru a gaɓa. Babu wanda ya zagi Dogo, kuma da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Wani ya ce a kai ƙara, wani ya tambaye shi wurin wa, maganar ta mutu a nan. Wata mai bandar kifi ta fara tsinta a kwando, Dogo ya riƙe bakin kwandon.

"Inna, ki yi haƙuri. Guba ce a cikinsu."

"To me zan sayar yau?"

Ta zazzage masa su a ƙafa ta yi tafiyarta.

Ɗaya bayan ɗaya mutane suka watse. Dogo ya ɗauko fartanya ya fara haƙa ramin binne kifin nesa da ruwa. Can sai ga ƙanen da tasa fartanyar, idanunsa sun yi ja. Bai yi gaisuwa ba, ya shiga ramin kawai. Suka yi ta haƙa har rana ta take.

"Yaya, zurfin ya isa?"

"Ƙara kaɗan," in ji Dogo. "Kada karnuka su tono."