Motar da Ba a Kashewa a Bariyenu

Shekarar da na sayi bashe, wato 'yar motar nan mai tamfol a baya, unguwarmu ta Ganu a Paraku kakaf sai da ta zo kallo. Dahome ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, kowa na jin shi ma wani ne, ni kuwa Ummuhani na fi kowa ji. Goro nake saye a Jugu ina sayarwa a Paraku, sana'ar da muka gada tun kakanni suna bin jakuna. Makullin motar na damƙa wa ƙanena Idrisu, don tun rasuwar matarsa ba ya komai sai zama a zaure yana kallon kaji.

Da farko lafiya lau. Can sai motar ta fara shan mai kamar an aiko ta. Tankin da ke kai shi Jugu ya dawo da saura, yanzu sai ya ƙara a hanya. In na tambaye shi, sai ya sosa ƙeya ya ce shi ma abin na ba shi mamaki.

Muka kai ta wurin Jatau makanike, bayan tashar jirgin ƙasa. Jatau ya canza buji, wato fulogi, ya kwance karbirato ya wanke ya hura da bakinsa, ya kakkaɓe matatar iska, ya ƙara wa tayu iska, ya ɗaga ƙafa ɗaya ɗaya ya juya ko birki na riƙewa. Har tabarmata sabuwa ya shimfiɗa ƙarƙashin tanki ta wuni ko zai ga ɗigo. Babu ko ɗis, sai dai tabarmar da ban ƙara yin salla a kanta ba. Ƙarshe ya share hannu ya ce min motar nan ta fi shi lafiya, in ina son sanin inda mai ke tafiya, in bi shi da kaina.

Kafin nan matan unguwa sun riga sun gama bincike. Sun ce ai direba da tiyo ba a raba su, Idrisu zuƙe man yake yi yana sayar wa masu babur. Na zage su tas, na dawo gida na kasa cin abinci. Yaron nan ni na goye shi. Amma na ƙudura a raina, in har gaskiya ne, zan karɓe makullin, ya koma zaure wurin kajinsa, ko da kuwa daga ranar ba zai ƙara kirana Yaya ba. Wannan ne ya fi tsaya min a rai.

Akwai kuma abin da ban gane ba. Duk dawowa sai ya sauke ƙwarya ɗaya ta man kaɗanya. Ɗakinsa ya cika, ya fara jerawa a madafata. Mutumin da ko ƙafarsa ba ya shafa wa mai, faso kamar busasshiyar fadama.

Ranar tafiya ya fito ya tarar da ni a gaban mota, na riga na zauna da butata. Ya ce hanya ba kyau, na ce na sani. Ya ce bayana zai yi ciwo, na ce nawa ne.

Na sa masa ido tun daga Paraku. Tuƙinsa ba abin kushewa, ba ya gudu, ba ya taka totur a banza. A kan hanya ya tsaya gaida wani tsoho abokin babanmu, ya bar injin na aiki, suka yi ta ina gajiya ina iyali. Wannan ban ga laifinsa ba. A gidanmu an san ka'idar fatake: in ka sauke wa jaki kaya a ƙofar mutum, ka zama baƙonsa, dole ka ci tuwo, dole kuma ka faɗi abin da ya kawo ka. In kaya na bisa jaki, gaisuwa ce kawai, ba wanda zai tsare ka. Da jakuna suka tafi, sai ka'idar ta koma kan inji. Gaisuwar tsohon ba ta wuce shan ruwa ba muka wuce.

A Jugu muka yi lodin goro, aka yayyafa wa huhuna ruwa. Da muka fito, maimakon ya miƙe hanyar gida, sai na ga hannunsa ya karya sitiyari da kansa, kamar tsohon jakin da ya san gidan dusa. Ya tuna ina ciki, ya so ya gyara, na ce masa ya bi inda ya saba. Ya ci gaba da tuƙi.

Ƙauyen Bariyenu muka nufa, hanya duk rami. Ya tsaya ƙofar wani gida mai bishiyar mangwaro, bai kashe mota ba. Wata mace ta fito tana gyara mayafi, ba yarinya ba, da ganin hannunta ka san mai aiki ce. Azumi sunanta, mijinta ya rasu, man kaɗanya take yi. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta tsaya nesa kaɗan da tagar direba.

Nan na ga ikon Allah. Idrisu ya tambaye ta gajiya, ta amsa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi awaki, ya tambayi ruwan bana. Da suka ƙare sai ya koma kan gajiya. Duk da ƙarfi suke yi, don injin na ta ruri, bashe na karkarwa, hayaƙi na korar kaji. Ya sayi ƙwaryar mai. Ya tambayi yadda aka yi man. Ta faɗa masa, da alama ba yau ta fara faɗa ba. Inuwar mangwaron ta tashi daga kan mota ta koma jikin katanga, ni kuwa ina zaune ina kallon allurar mai tana sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi.

Dariya ta zo min, tausayi ya danne ta. Ashe ba ɓarawo na goya ba, matsoraci ne. Ya fi shekara yana zuwa ƙofar matar nan da kaya bisa jaki, don kada a ce masa sauko ka faɗi abin da ya kawo ka. Ita kuma baiwar Allah ba ta da ikon cewa bismilla, tunda inji bai yi shiru ba.

Na miƙa hannu na murɗa makullin, na zare shi, na ƙulle a bakin zanena.

Shirun da ya biyo baya har kunne sai da ya yi min ƙara. Aka ji kukan kurciya, aka ji wata na daka a bayan gari. Idrisu ya juyo yana kallona, bakinsa a buɗe.

Azumi ta ce, "Hajiya, pana ce, motar ta lalace? In kira masu turawa?"

Na ce, "Ba pana ba ce. Esansina ne, man motar nan, ya gaji da gaisuwa. Yau mun sauke kaya."

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma na ga abin da take ɓoyewa. Ta shiga da sauri ta fito da tabarma, sabuwa fil, da gani an daɗe da naɗe ta ana jira. Wani zakara da ke yawo a tsakar gida ta bi shi da wani irin kallo, na san kwanansa ya ƙare.

Idrisu ya sauko da ƙyar. Ya zauna bakin tabarma, ya rasa ta inda zai fara, sai ya ce a hankali, "Azumi, ina gajiya?"

Ta tsaya da kwanon ruwa a hannu. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ashe haka muryarsa take. Ban taɓa jin ta ba sai da ihu."

Sauran maganar ni na yi ta, da kawunta, bayan an ci zakaran. Goro kuwa ba mu je nema ba, mota cike take da shi.

Da za mu tafi na kwance bakin zane na miƙa wa Idrisu makullinsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce Yaya. Na ce ya tayar mu tafi kafin goron mutane ya bushe, kuma ƙwaryoyin da ke madafata ya san yadda zai yi da su, don mai su na nan zuwa, ba na so ta tarar ko murfi ba a buɗe ba.