Gwangwanin Pi Darkhumi

"Ki juye ki ba ni abina, ba awo aka aiko ki ba," in ji Pi Darkhumi, ganin na tsaya a bakin ƙofarta ina jijjiga gwangwanin a hannu.

Na juye a buhuna, na miƙa mata. Cike yake fal, kamar kowane mako.

A ƙauyenmu, can kan tsaunukan Mizoram, duk macen da za ta ɗora tukunya sai ta fara ɗibar shinkafa cikin hannu guda ta zuba a gwangwanin Ubangiji. Ran Asabar ni ke bin gidajen layinmu in tara wa zumuntar mata, su kuma su dafa su kai wa marasa lafiya da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin abin da ba a tambaye ni ba. Shekara shida ina wannan aiki, har na iya karanta gwangwani. Ina gane gidan da aka yi baƙi, da wanda matar gida ta yi yaji aka kwana biyu ba a hura wuta ba. Gwangwani ba ya ƙarya, haka nake gaya wa mata, har da taƙama.

Pi Darkhumi maƙwabciyata ce, ta haura tamanin, ita kaɗai a gidanta na gora. A wajenmu "Pi" ake ce wa babbar mace don girmamawa. Tun ba a haife ni ba take bin gidajen nan da buhu a baya, rabin garin sun ci daga hannunta. Da damina ta fara ramewa, sai Pi Rini, shugabar zumunta, ta ce a sa ta cikin waɗanda ake kai wa abinci. Tsohuwar ta aiko da amsa, wai ranar da aka ga gwangwaninta ya ragu, a zo. Mata suka juyo suka dube ni. Na ce tana girki safe da yamma, ni ce shaida. Aka bar maganar.

Amma abin ya riƙa cina. Tagata tana kallon rufinta, kuma na daɗe ban ga hayaƙi ba. Sau biyu na kai mata dafaffen ganye da shinkafa, ta ce yanzun nan ta tashi daga kan abinci. Rannan dai na kasa haƙuri.

"Kaka, wai da me kike girki ne yanzu? Ba na ganin hayaƙi."

"Pari, mijinki ya san a taga kike wuni? Je ki duba taki tukunyar, tun daga nan nake jin ƙauri."

Na yi dariya na ruga gida. Tukunyata kuwa da gaske ta kama.

Ran Alhamis har hantsi ƙofarta ba ta buɗe ba. Na tura na shiga, na same ta kwance lulluɓe da mayafinta na zuwa coci, jiki ya riga ya yi sanyi. A gefen gadon akwai kofin ruwa da ɓawon ayaba. Kafin rana ta take samari sun tafi haƙa kabari, gida ya cika, an fara waƙa da ganga. Pi Rini ta ce in hura wuta a dafa wa mutane shayi.

Na durƙusa gaban murhun. Tokar ta daskare da damshin damina, ta yi tauri kamar yumɓu. Na ɗaga tukunyar da ke kife, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na kasa tashi.

Pi Rini ta leƙo jin shiru. Ta dubi murhun, ta dubi tukunyar.

"Kin ce tana girki."

"Gwangwanin na gani, Pi."

Ta aika a ɗebo wuta daga gidana.

Gwangwanin yana kan katako kusa da buhun shinkafarta, ya wuce rabi, daidai inda ya kamata ya kai ran Laraba da yamma. Na buɗe bakin buhun. Shinkafar ta kusa ƙarewa, a samanta ga sawun yatsu huɗu, sirara, inda ta ɗiba jiya.