Kunun Salima Mai Kwana Tara

Kunun zaki ba ya son kwana, kuma babu wanda ya kai Salima sanin haka. Tun tana Maraɗi take jiƙa dawa ta bar ta ta yi tsiro, ta niƙa, ta dama. Yanzu a ƙasar waje take yi, a hawa na shida na wani bene a unguwar Concourse Village, cikin ɗan kicin ɗin da mutum biyu ba sa iya juyawa. Duk wanda ya saya sai ta ja masa kunne: a sa a firji, a sha yau, in an yi nisa gobe.

Abu ɗaya take nema a birnin nan, layi guda a firjin shagon Elhaji Mahamadou da ke Harlem. Shekara biyu tana jan kula a jirgin ƙasa, daga gidan suna zuwa gidan walima, har kafaɗarta ta fara ƙorafi. Elhaji ya ce zai ba ta wuri, amma sai Sheriff ya yaba.

Sheriff ɗin nan ɗan Zangon Kumasi ne, direba a wani ofishin jakadanci, kuma shi ya naɗa kansa alƙalin abinci a intanet. Ya taɓa kai maigidansa wani taro a Brooklyn inda Turawa masu dogon gemu ke ɗanɗana giyar da ake dafawa a ƙananan gidajen giya. Bai sha ba, amma ya kwaso salon kaf: ɗaga kofi a haske, shinshina, lumshe ido. Abin da bai tsaya ya lura ba shi ne, su masu gemun kwanan watan da ke gindin gwangwani suke fara dubawa, in ya tsufa su mayar. Shi dai ya ɗauka abin sha mai daraja sai ya sha ajiya.

Ranar Juma'a Salima ta miƙa masa gora biyu masu sanyi.

"Don Allah yau za ka sha, Sheriff."

"Anti, ki bar ni da aikina. I know my job."

Aikin nasa kuwa shi ne ya jefa su but ɗin mota, cikin zafin Yuli, kwana tara cur.

Tana fere citta da yamma ranar Lahadi aka aiko mata cewa Sheriff na bidiyo kai-tsaye a intanet. Da ganin gorar ta san an yi ɓarna, don ta kumbura kamar cikin ɗan akuya. Ya murɗa murfin, kumfa ya yi tsiri har kan rigarsa, shi kuma ya yi murmushin ƙwararru.

"Jama'a ku ga kumfa! Kwana tara na ajiye shi, aged, wato ya nuna. Akwai tsami, akwai ɗaci kaɗan a baya, ga wani ɗumi da ke hawa kai."

A kofi na uku ya soma ba da labarin kakarsa yana hawaye. A na huɗu ya ba kunun Salima tauraro biyar, ya faɗi cikakken sunanta da lambar wayarta, sau biyu. Don takaici ta kashe bidiyon. Kafin magariba wani Bature ya kira yana tambaya ko tana sayarwa a ganga, matan unguwa kuwa da suka yi odar suna biyu suka ce an fasa.

Da sassafe ta dama sabo, ta ja kularta zuwa Harlem. Shagon cike yake da masu sayen gari da manja. Elhaji ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Salima, ni boutique ɗina ba a saida burkutu."

"Elhaji, na yau ne. Ka ɗanɗana ka ji. Ko nonon da ke firjinka aka bari kwana tara a mota ai lalacewa zai yi."

"A'a, ki rufa mini asiri. Mutanen masallaci ke sayayya a nan."

Ta fito idonta na zafi. Ba wurin firjin kaɗai ya tafi ba, har da sunanta, kuma a kan abin da ba ta dama ba. Ta kusa matakalar tashar jirgin ƙasa sai ta ji takun silifas a bayanta. Elhaji ne, yana haki, yana waige-waige.

"Ki yi haƙuri, kin san idon mutane. Ba ni gora biyu, na gida ne."

Zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta buɗe kula ta zaɓo masa waɗanda suka fi sanyi. Ya soke su ƙarƙashin babbar riga, ya matso, ya rage murya.

"Kwana nawa ma yaron nan ya ce?"

Salima ta dube shi tun daga hula har silifas. Ta sa hannu ta zaro gorunanta ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowa, ta mayar cikin kula ta rufe, ta gangara matakala.